Tsaga Tara a Cikin Walida

Adireshin da aka ba ni a Ingila na shagon aski ne. Na tsaya a ƙofarsa da akwati biyu da 'yata Walida mai shekara huɗu, in duba lambar da ke wayata in duba wadda ke jikin ƙofa, ko Allah zai sa ɗaya ta canza. Wani mutumin Tafa, kusa da garinmu Suleja, shi ne ya turo mini hotunan ɗaki mai labule da hita, na tura masa kuɗin haya tun ina Suleja, saboda an ce mini ɗan gida ne ba zai ci amana ba. Ranar da na sauka wayarsa ta mutu, har yau ba ta farfaɗo ba. Mai shagon, wani Baturke mai ƙaton gashin baki, ya ce ni ce ta uku da ta zo da akwati tana tambayar wannan ɗaki. Ya ba Walida alewa, ni kuma ya nuna mini hanyar masallaci.

Sunana Sa'adatu, a gida Sa'a ake ce mini. Nas ce ni, na yi shekara goma sha ɗaya a ɗakin yara na asibiti a Suleja kafin in sami gurbin shekara guda na koyon bincike a kan kula da yara masu sikila. Ba son boko kaɗai ya kai ni ba, Walida ma sikila gare ta. Mahaifinta ya rasu a haɗarin mota gaba da Sabon Wuse tana koyon tafiya, ita kaɗai ya bar mini. Shi ya sa duk inda na sa ƙafa tana riƙe da gefen zanena.

A ɓangaren mata na masallacin, ina zaune ina kukan da ba na so yarinya ta gani, sai na ji an ce, "Kai, me ya same ka?" Na ɗaga kai na ga wata dattijuwa mai jiki. Hajiya Mariya ce, 'yar zangon Kumasi, mai Hausar da ba ta raba mace da namiji. Ban taɓa jin daɗin a ce mini "kai" ba sai ranar. Ba ta tambaye ni takarda ko dangi ba. Ta ja akwati ɗaya, na ja ɗaya, ta kai mu wani ɗan ɗaki a can saman gidanta, wanda in na miƙe tsaye kaina ke taɓa rufi. Ta ɗumama mana shinkafa da wake da wani baƙin yaji, Walida ta ci har ta yi barci da cokali a hannu.

Watanni biyun farko tsoron sanyi ne ya cika su. Sanyi abokin gaban mai sikila ne, garin kuwa bakin teku yake, iska ba ta hutu. Nakan sa wa Walida riga a kan riga har ta kasa sauke hannuwanta, Hajiya tana dariya tana cewa na mai da 'ya ƙullin kaya. Ko tari ta yi sau ɗaya sai in ruga in taɓa goshinta. Na yi kewar rana kamar yadda ake kewar mutum. Na yi kewar doyar Izom, na yi kewar ganin Dutsen Zuma ta tagar mota, har cunkoson safiya na masu tafiya aiki Abuja, wanda na sha zagi, sai da na yi kewarsa.

Wajen aiki kuwa, a ƙarƙashin wata tsohuwar likitar yara aka sa ni, kowa Farfesa yake ce mata. Siririya ce, ba ta da yawan magana, takalminta guda ne tun da na zo har na tafi. Abin da suke yi a asibitin mai sauƙin faɗi ne. Yaro mai sikila, saifarsa kan kumbura farat ɗaya ta zuƙe jinin jikinsa, kafin yini ya ƙare ya yi fari fat, in ba a yi sauri an ƙara masa jini ba sai a rasa shi. To sai ake koya wa iyaye su riƙa laluba ƙarƙashin haƙarƙarin hagu da yatsunsu kullum, in suka ji saifar ta sauko fiye da inda ta saba, su taho asibiti ko da yaron yana wasa. Nawa aikin shi ne in zauna in ga yadda iyaye ke koyo, in rubuta inda suke kuskure, in kuma yi tunanin yadda za a kai wannan koyarwa wuri irin namu.

Wata rana Farfesa ta tambaye ni abin da iyaye ke yi a Suleja in cikin yaro ya kumbura. Nan fa na sami abin faɗa. Na ba ta labarin wanzamai, yadda ake danne yaro a tsattsaga masa gefen ciki da aska a shafa baƙin magani, wai a fitar da mugun jini. Na kira abin jahilci sau nawa ban ƙirga ba. Da ma a Suleja an san bakina. Uwa ta kawo yaro da sabuwar tsaga, ba na bari ta zauna sai na wanke ta tas a gaban mutane, in ce sun gama da wanzami sun kawo mana sauran. Farfesa ta saurare ni tana gyaɗa kai. Abin da ban faɗa mata ba shi ne, a cikin 'yata akwai tsaga tara a jere, a gefen hagu. Wanzami ba ya son jarfa.

Ga yadda aka yi. Walida na da shekara biyu da rabi aka tura ni Minna bita ta kwana uku, na bar ta wajen mahaifiyata, Inna, a gidanmu na Kwamba. Inna ce da ma take yi mata wanka tun ranar suna. A rana ta biyu, wajen wankan safe, ta ji abu mai tauri a cikin yarinyar. Ta kira ni sau bakwai, wayata tana cikin jaka na kashe mata ƙara saboda kada a ce nas ɗin Suleja ba ta san tsari ba. Da ta gaji sai ta goya ta zuwa gidan wanzamin unguwa. Da yamma yarinya ta yi laushi, leɓenta ya yi fari, maƙwabciyarmu Maman Blessing, malamar firamare ce 'yar Filato, ta fizge ta ta hau acaɓa da ita zuwa asibiti aka ƙara mata jini. Na dawo na sami 'yata a kan gadon ɗakin da nake aiki, da tsaga ɗanya a ciki, abokan aikina suna kawar da kai. Kunya da tsoro suka haɗu suka hau mini kai. A gaban kowa na dubi Inna na ce, "Kin kusa kashe mini 'ya." Tun daga ranar ba ta ƙara yi wa Walida wanka ba, ni kuma girman kai ya hana ni in ce ta yi.

Da zan sa Walida makarantar raino a Ingila, na zaunar da ita na ja mata kunne cewa kada ta ɗaga rigarta a gaban kowa, kada ta nuna wa kowa cikinta. A fom ɗin likita, inda aka tambayi ko akwai tabo a jiki, na bar wurin fili. Ni da ke koya wa matan mutane laluba saifa, in na zo kan 'yata sai in yi sauri in ja riga, don ba na son idona ya sauka a wurin.

A wata na biyar, wata safiyar Talata, Walida ta ƙi shan shayi ta ce cikinta ya yi nauyi. Na ja fatar idonta na ga fari. Na sa hannu a ƙarƙashin haƙarƙarinta, saifa ta sauko har kusa da cibiya. Ban tsaya neman hijabi mai kyau ba, Hajiya ta kira motar asibiti, cikin ɗan lokaci muna ɗakin gaggawa na asibitin da nake zuwa aiki. Sun yi abin da ya kamata, kuma sun yi da sauri. Kafin azahar jini na shiga jikinta, kafin la'asar leɓenta ya fara dawowa. Na ɗauka an wuce wurin.

Sai wata matashiyar likita ta dawo, ta sake ɗaga rigar, ta tsaya tana kallo. Ta tambaye ni da murya mai laushi menene waɗannan. Da na ce mata tsagar gargajiya ce kakarta ta sa aka yi, da wataƙila an yi 'yan tambayoyi an wuce. Amma ga katin aikina rataye a wuyana, ga nas-nas ɗin da suka ji ni ina zagin wanzamai. Sai na ji bakina ya ce ƙarambau ta yi tana ƙarama ta sosa. Likitar ta sake duban tabon, layi tara miƙaƙƙu, tsawonsu ɗaya, tazararsu ɗaya. Ta ce to, ta rubuta wani abu. Na sha jinin jikina tun kafin ta rufe fayil ɗin.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa ko kwana bai yi ba. Washegari wata nas tana wasa da Walida da 'yar tsana, ta tambaye ta wa ya ji mata ciwo a ciki. Yarinyar da ta koyi Turanci a wata biyar fiye da yadda na koya a shekara biyar ta ce wani mutum ne ya yanka ta da aska, kuma Mama ta ce kada ta nuna wa kowa.

Da hantsi aka kira ni wani ɗan ɗaki mai kujeru uku da kwalin tishu a kan tebur. Wata mata ce mai jar jaka, jami'ar hukumar kare yara. Ba ta ɗaga murya ba, ni kuwa da ta yi mini tsawa da ya fi mini sauƙi. Ta ce an sami tabon yanka a jikin yarinya, bayanin uwa bai dace da tabon ba, yarinya kuma ta ce an hana ta faɗa. Ta tambaye ni ko akwai wani wurin kuma a jikin yarinyar da aka yanka, na rantse babu, ta ce likita za ta duba. Sannan ta faɗi abin da na fi tsoro. Ba zan fita da Walida daga ɗakin jinya ba, ba za a ja mana labule ba, har sai an zauna taro an yanke ko za ta koma gida da ni ko za a ba wasu riƙonta kafin a gama bincike.

Na san ana yi. Hajiya ta taɓa ba ni labarin wata mata da aka karɓe wa yara, na ce ai sai dai wadda ba ta da ilimi. Yanzu ga ni, biza ta shekara ɗaya, ba miji, ba dangi, ba wanda ya san ubana. Na riƙa lissafa wa kaina, in aka ba wasu ita, wa zai san ba ta shan ruwan sanyi? Wa zai san in ta yi shiru ta kama gwiwa ciwo ne ya taso? In bizata ta ƙare ba a gama ba, jirgi zan hau in bar ta?

Kwana shida na yi a kan kujerar gefen gadonta, kowa ya wuce sai in ga kamar ni yake kallo. Abin da ya ƙara dagula lamarin, mu ba mu saba rungumar 'yar fari a gaban mutane ba. Walida sunan Inna gare ta, ga ta 'yar fari, ko sunanta na yanka ba na kira. In tana kuka nakan ce ta yi shiru, in gyara mata bargo, in kawar da kai, haka aka rene ni kuma ban taɓa shakkar ana sona ba. A nan kuwa sai na hangi wata nas tana kallona tana rubutu. Na tashi na rungume yarinyar da ƙarfi don a gani, ita kuma ta ture ni tana tambaya ko lafiya. Na koma na zauna, ban san wanne ya fi muni a takardarsu ba. Hajiya kan zo kullum da kwanon abinci, ta zauna ta ja carbi, in na ƙi ci ta ce, "Kai, ci, mai yunwa ba ya iya magana da hukuma."

Rana ta huɗu Farfesa ta zo, ta ce in biyo ta. Ta gaya mini tun farko cewa ba ta da hannu a hukuncin, kuma ba za ta roƙi kowa ba. Ta tambaye ni abu ɗaya, me ya faru. Na faɗa mata duka, har da zagin da na yi wa Inna, ina kuka ina jan majina kamar ba ni ce mai bakin nan ba. Ba ta rarrashe ni ba. Ta buɗe hoton tabon da aka ɗauka, ta bi shi da bayan biro, ta nuna mini abin da na yi shekara biyu ina ƙin gani. Tsagar ba a warwatse take ba, ta bi lanƙwasa, daidai inda bakin saifa ke tsayawa in ta kumbura.

"Wa ya fara jin kumburin?" in ji ta.

Na ce mahaifiyata, wajen wanka.

"Wa ya koya mata?"

Na ce ba kowa.

Ta ce tana shafe makonni tana koya wa masu digiri wannan laluben, wasu har su tafi ba su iya ba. Hannun mahaifiyata ya gano abin da wuri, ƙofar da ta bi da yarinyar ce ba daidai ba, kuma tsagar ba ta yi maganin komai ba sai ɓata lokaci da zubar da jinin da ake buƙata. Ta ce in je in faɗa wa mai jar jaka abin da na faɗa mata, ba ragi.

Na je na faɗa. Matar ta rubuta, ta ce tunda na canza magana sau ɗaya dole su ji daga bakin wani. Aka shirya a kira Inna ta bidiyo a wayar Maman Blessing, aka nemo tafinta ta waya, don ba su yarda in fassara da kaina ba. Ina da gaskiyar jin haushi? Ba ni da ita. Ni na jawo.

Ranar taron mu biyar ne a tebur, duk mata, sai muryar tafinta daga wani ɗan akwati, wani mutum mai Hausar Katsina. Waya ta haɗu, fuskar Maman Blessing ta cika allon tana cewa, "Anti Nas, no fear, ga Mama nan, network ne kawai yake wahala." Sai ga Inna zaune a kan tabarma a tsakar gidanmu, ta yafa mayafinta na zuwa biki, bayanta randar da na sani da igiyar shanya. Wata biyar gaisuwa kawai muke yi a waya, ina kwana, lafiya lau, a gai da yarinya. Ta rame.

Mai jar jaka ta tambaya, tafinta ya juya. Inna ta yi magana a hankali kamar mai ba da shaida a gaban alƙali.

"Ni na kai ta. Uwarta ba ta gari. Na ji abu kamar ɗanyen mangwaro a ƙarƙashin haƙarƙarinta. 'Ya'yana biyu kafin uwarta da wannan kumburin suka tafi. Uwarta da ya same ta aka tsaga mata ta rayu, shi ne na yi wa wannan abin da na sani. Ni na riƙe ta a cinyata aka yi. In laifi ne ni za a kama, ku bar yarinya da uwarta."

Aka tambaye ta ko ta nemi ta sanar da ni kafin ta kai ta. Inna ta dubi gefe, ta ce a'a, ba ta kira ni ba, gaban kanta ta yi.

Na san Inna. Matar da ko cinikin kasuwa ba ta yarda ta ce abu ya fi kyaunsa, yau ga ta tana ƙarya a gaban Turawa don kada a rubuta cewa an neme ni ba a same ni ba. Da na yi shiru, maganar ta fi mini kyau a takarda. Na ɗaga hannu na ce da Turanci ba haka ba ne, ta kira ni sau bakwai, ni ce na kashe ƙarar waya. Tafinta ya mayar wa Inna da Hausa. Ta harare ni ta cikin allon, irin hararar da take mini ina ƙarama in na yi magana a gaban baƙi. Mai jar jaka ta ajiye biro ta dube ni, karon farko ke nan da ta dube ni ba takarda ba.

Ta tambayi Inna ko za ta sake kai yarinyar wajen wanzami in abin ya dawo. Inna ta gyara mayafinta, ta ce:

"Uwarta ta ce na kusa kashe ta. Tun ranar hannuna bai ƙara taɓa cikinta ba."

Na ji maganata ta fito daga ɗan akwatin nan da Turanci, kalma bayan kalma, a bakin mutumin da bai san ni ba. Ban taɓa jin muninta ba sai ranar. Sai Inna ta ce, "Sa'a, buɗe musu naki." Na miƙe na ɗaga gefen rigata. Nawa goma sha ɗaya ne, sun dushe, shekara talatin da wani abu ina ɓoye su har ga abokan aikina. Likitar da na yi wa ƙaryar ƙarambau ta matso ta duba, ta ce iri ɗaya ne.

Suka fitar da ni, na zauna a baranda kusan awa guda, ba addu'ar da ban karanta ba. Da aka kira ni, mai jar jaka ta ce Walida za ta koma gida da ni. Za ta riƙa zuwa tana duba mu na wasu makonni, ƙaryar da na yi kuma tana nan a rubuce, ba za a goge ba. Na ce na yarda. Na koma ɗakin jinya na ɗauki yarinyar na goya ta a baya da zanen gado, ba don a gani ba, na yi ta kai da kawo da ita har wata nas ta zo ta ce a hankali da robar ƙarin ruwan da ke hannunta.

Saura abu ɗaya. Tunda saifar ta yi haka sau biyu, likitoci suka ba da shawarar a cire ta. Bayan wata biyu aka miƙo mini takarda in sa hannu. Na san aikin, na san amfaninsa, na san waɗanda za su yi shi sun ƙware, duk da haka da ƙyar na sa hannu. Na raka ta har ƙofar tiyata tana riƙe da yatsana tana tambaya ko zai yi zafi. A bakin ƙofar nan na tuna Inna da yarinya a cinya, ba allurar barci, ba wanda zai ce mata daidai take yi, ga kaburbura biyu a bayanta. An yi aikin lafiya, ta ƙananan ƙofofi huɗu da aka yanka a cikinta.

Na gama shekarata. Mai jar jaka ta zo sau biyar, a zuwan ƙarshe har ta ci shinkafa da waken Hajiya tana hawaye saboda yaji. Farfesa ta sallame ni da 'yar magana, ta ce in na koma kada in fara da iyaye mata kaɗai, in nemi masu yi wa yara wanka. Hajiya ta raka mu tasha, ta ce, "Kai, ka gai da uwarka," ta juya da sauri.

Mun iso Suleja da damina. Washegari da safe na dafa ruwa na sirka a baho, na ɗauko soso da sabulu, na kai gaban Inna tana zaune a bakin ƙofarta. Na durƙusa na ce ta yafe mini maganar da na faɗa mata. Ta ce ta yafe tun ranar, in tashi ƙasa da sanyi. Na ce to ga 'yarta nan, ta yi mata wanka. Ta dubi bahon ta dube ni, ta ce hannunta ya manta. Walida ba ta jira mu ba, ta tuɓe riga da kanta ta shiga ruwan.

Inna ta matso da kujerarta. Ta zuba ruwa a kafaɗar yarinyar, ina kallo hannunta ya gangara hagu da kansa, yatsu huɗu a ƙarƙashin haƙarƙari, daidai yadda Farfesa ke koyarwa. Ta laluba ba ta ji komai ba. Sai yatsanta ya tsaya a kan sababbin tabon, ta bi su ɗaya bayan ɗaya har huɗun.

"Waɗannan fa?"

Na ce likitoci ne, sun cire saifar.

"Ashe su ma yankan suka yi. Ke kika riƙe ta?"

"Ni na sa hannu, Inna. Na raka ta har ƙofa."

Ta ɗago ta dube ni.

"Da zafi ko?"

Walida ta ce ita ba ta ji komai ba, barci ta yi. Inna ba ta kula ta ba, ni take kallo. Na ce da zafi, Inna. Ta gyaɗa kai, ta share fuskarta da bayan hannu, ta ce in miƙo mata soson kafin ruwan ya huce.